GIGIN TSUFA: Idan Baba Ya Koma Faɗa Da Zargi, Me Za A Duba Kafin A Nemo Maganin Barci?

 

Darasinmu na yau a kan iyayenmu ne da kakanninmu waɗanda gigin tsufa ya kama, wato cutar mantuwa. Ita mantuwar kanta, yawancin gidaje suna iya jure ta. Inna ta tambaye ka sau goma ko ka ci abinci, ka amsa mata sau goma, shi ke nan. Abin da ke girgiza gida shi ne ranar da dattijon da aka sani da kunya da kawaici ya fara ashar a tsakar gida, ko ya ɗaga sanda ga jikansa, ko Hajiya ta dage cewa matar ɗanta ce ke sace mata kuɗi, ko a farka ƙarfe biyu na dare a tarar da ƙofa a buɗe, Baba ya fita wai zai tafi gona, gonar da aka sayar shekara ashirin da suka wuce. A nan ne ake rasa yadda za a yi. Wasu su ce jifa ne, wasu su ce mutanen ɓoye, wasu su aika yaro kemis ya karɓo abin da zai kwantar da shi.

To ka saurara da kyau, ya kai mai gida, ke ma uwargida ki matso kusa, domin mafi yawan wannan wahala a kanki take.

*Cuta ce a cikin ƙwaƙwalwa*

Ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da wannan lalura a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Alzaima, da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya yi bayaninsa a 1906. Ka san me ya sa aka kai masa matar da ya fara gano cutar a jikinta? An kwantar da ita a asibitin Frankfurt a 1901 tana da shekara 51, kuma daga cikin alamun farko da aka gani akwai zafin kishi, tana zargin mijinta ba gaira ba dalili. Daga baya ta riƙa jin kamar ana son halaka ta, ta yi ta ihu na sa'o'i. Ka ga ke nan zargi da tashin hankali suna cikin cutar tun ranar da aka san ta. Akwai kuma nau'in da hawan jini da ciwon suga ke jawowa, idan ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe, kuma kowa ya san yadda hawan jini ya yi mana yawa ba tare da ana shan magani a kan ƙa'ida ba.

Alƙur'ani ma ya ambaci wannan matakin rayuwa, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ake mayar da wani bawa ga mafi raunin shekaru har ilimin da ya tara ya kuɓuce masa. Don haka wanda ya ga tsohuwa tana sambatu ita kaɗai ya ce mayya ce, ya ji tsoron Allah. Ƙazafi ya yi wa marar lafiya.

*Tambayi jikinsa tukuna*

Wannan shi ne babban abin da nake so ka riƙe. Mai gigin tsufa kalmomi ne ke gudu daga bakinsa. Ba zai iya ce maka "haƙorina na ciwo" ba, ko "kwana biyar ban yi bayan gida ba". Jikin ne ke magana a madadinsa, kuma yaren da jikin ya iya shi ne ƙugi, da ture hannu, da kai da kawowa, da duka. Kamar jariri ne da ke kuka: uwa mai hankali ba ta fara da neman abin da zai sa shi barci, sai ta duba ko yunwa ce, ko ƙunzugu, ko ciki.

Saboda haka duk ranar da halin Baba ya canza, musamman idan canjin ya zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ka ɗauka akwai wata cuta ta daban da ta hau kan ta farko. Gigin tsufa tafiyar hawainiya yake yi, wata da watanni. Ruɗewar da ta zo dare ɗaya, yau ya san ka gobe bai san ka ba, ko ya yi ta gyangyaɗi da rana, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sugan jini ya hau ko ya faɗi, ko wani sabon magani da aka fara ba shi. Kuma tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Wannan ta asibiti ce a ranar, ba a jira gobe. In kuma ka ga baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, shanyewar ɓarin jiki ce, a ɗauke shi nan take.

Ka duba fitsari: yana fita kuwa? Tsofaffin maza da yawa fitsari na riƙe musu saboda kumburin gaɓar nan ta ƙarƙashin mafitsara, mara ta cika tam, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye, iyali kuma suna cewa iska ce ta motsa. Ka duba bayan gida. Ka buɗe bakinsa ka ga haƙora da dasashi. Ka duba ƙafa, da farce, da ɗuwawu da baya idan mai yawan kwanciya ne, domin gyambon kwanciya a ɓoye yake farawa. Ka lura da fuskarsa lokacin da ake ɗaga shi: in yana yamutsa fuska ko yana riƙe gwiwa, ciwo ne.

A ƙasar Norway an yi wani bincike da aka buga a 2011, a kan tsofaffi 352 masu gigin tsufa da tashin hankali a gidajen kula da tsofaffi. Aka raba su biyu, aka riƙa ba kashi ɗaya maganin ciwo a kan tsari kullum har mako takwas, kuma mafi yawansu farasitamol kawai aka ba su. Tashin hankalinsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari idan aka kwatanta da sauran, da aka daina maganin kuma ya fara dawowa. Farasitamol fa, ɗan'uwa! Ashe ciwo ne ke cin bayin Allah ba su da bakin faɗa. Amma ka tambayi ma'aikacin lafiya adadin da ya dace da nauyin tsohonka da lafiyar hantarsa, kuma ka guji ɗura masa magungunan ciwon jiki masu ƙarfi da ake haɗawa a kemis, suna ƙwaƙule ciki, suna taɓa ƙoda.

Sai ido da kunne. Wanda yanar ido ta rufe masa gani, rigar da aka rataye a ƙusa mutum ce a wurinsa. Wanda ba ya ji sosai, in ya ga kuna magana ƙasa-ƙasa kuna dariya, ai da shi kuke. Tabarau, ko aikin cire yana, ko wanke dattin kunne a asibiti, sun sha kashe zargin da aka yi wata shida ana fama da shi.

*Rikicin magariba*

Kusan duk mai jinyar irin wannan tsoho zai gaya maka abin ya fi tashi daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. Da yake a al'adarmu lokacin shigar da yara gida ne, sai nan da nan a ce ai ga shi, shaiɗanu ne. Likitoci a ko'ina cikin duniya sun san wannan yanayi, har a ƙasashen da ba su san almuru ba. Ƙwaƙwalwar ta gaji da aikin yini, haske ya ragu, inuwa ta yi yawa, ga hayaniyar girki da yara sun dawo daga Islamiyya, ga talabijin. Sai tsoho ya tashi ya ce zai tafi gida, alhali yana cikin gidansa.

Ka kunna masa fitila tun kafin duhu ya shigo. A rage hayaniya a kusa da ɗakinsa. A fitar da shi ya sha hantsi da safe, ya ɗan taka in yana iyawa, kada a bar shi ya yini yana barci. Goro da shayi mai kauri a tsayar da su daga azahar. Sannan a ba hannunsa aiki a daidai lokacin da rikicin ke tashi: Inna ta tsinci wake ko ta ɓare gyaɗa, Baba ya ja carbi, ko ya ba tumaki dusa, ko a zaunar da jika ya biya masa karatun allo. Abin mamaki, mutumin da ya manta sunan ɗansa sai ka ji yana yi wa yaro gyara a Izu biyun ƙarshe, domin abin da aka haddace tun ƙuruciya shi ne na ƙarshen gogewa. Ka yi amfani da wannan ni'ima. Ka sa masa muryar makarancin da ya saba ji, a hankali, ba da ƙara ba.

*Kada ka yi gardama da cuta*

Hajiya ta ce an sace mata dubu biyar. Kai ka san ita ta cusa su cikin matashi ta manta. In ka ce "Hajiya babu wanda ya taɓa miki kuɗi", ka zama abokin ɓarawo. Gara ka ce, "Subhanallahi, Hajiya, bari mu duba tare." Ka san wuraren ɓuyanta tun da wuri, ƙarƙashin katifa, cikin kwalla, bakin zane. Ka bar mata 'yan canji a hannu, manyan kuɗi da takardun gida kuma a adana su da sanin sauran 'yan'uwa, da shaida, don kada shaiɗan ya shiga tsakani.

Wadda ta fi shan wannan zargi ita ce wadda ta fi hidima, matar ɗa ko 'yar da ke kwana da ita. Ya kai ɗan'uwa, in mahaifiyarka mai gigin tsufa ta ce matarka na sa mata guba, ka bincika cikin hikima, domin ana samun masu cutar da tsofaffi, wannan gaskiya ne. Amma kada ka yanke hukunci da maganar wadda ta kira ka da sunan ƙaninta da ya rasu tun kana goye. Aure da yawa sun mutu a kan wannan. Su kuma 'yan'uwan da ke zuwa daga Abuja ranar sallah su zauna awa biyu, su ga Hajiya garau tana gaisawa, su tafi suna cewa ana yi mata sharri, su sani mai wannan cuta yana iya tattara hankalinsa na ɗan lokaci a gaban baƙo. Ku kwana uku tukuna.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini: Malam, Inna kullum tana tambayar mijinta, shi kuwa ya rasu shekara tara. In mun gaya mata sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, gobe ta sake tambaya. Mu yi mata ƙarya? Ba sai kun yi ƙarya ba, kuma ba dole ne ku riƙa yi mata sabuwar ta'aziyya kullum ba. Malamai sun san tauriyya, wato magana ta gaskiya wadda ba ta buɗe abin da zai cutar. Ka ce, "Inna, kin tuna da Malam ke nan. Wai wane abinci ya fi so?" Sau da yawa kewa ce ko tsoro ke damunta, in ta sami wanda za ta yi hirarsa da shi sai ta lafa. In ta tsare ka da ido ta ce "ya rasu ko?", to ka gaya mata gaskiya a tausashe, ka riƙe hannunta, ku yi masa addu'a.

Wanka ma haka. Dattijon da ya shekara saba'in babu wanda ya ga tsiraicinsa, yau wani da bai gane ba yana cire masa riga, me kake tsammani? Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace in da hali. Ruwa mai ɗumi, a rufe shi da zane, a gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, magana ɗaya a lokaci ɗaya. Ka zo masa ta gaba, kada ta baya. In ya ƙi, a bari, a dawo bayan rabin awa. Wasu in ka ce "Baba lokacin sallah ya yi, mu yi tsarki" sun fi saurin miƙewa.

A ɓangaren hukunci kuwa, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ba a tilasta masa sallah, in ya yi raka'a bakwai a azahar ka bar shi, kada ka tsawata. Ba a sa shi azumi, yunwa da ƙishirwa ma ƙara ruɗa shi suke yi. In ya furta saki ko ya yi kyautar gida cikin wannan hali, a kai wa malami ko alƙali tare da bayanin likita, kada a zartar a tsakar gida.

*Ruƙya da maganin gargajiya*

Nan fagena ne, don haka zan faɗa ba kwana-kwana. Babu wani ganye ko saiwa ko haɗi da aka tabbatar yana dawo da ƙwaƙwalwar da ta lalace. Duk wanda ya ce a biya shi dubu ɗari ya warkar da gigin tsufa cikin mako biyu, kuɗinka yake so. Addu'a da karatu a kan marar lafiya sunna ce, ka tofa a hannunka ka shafa masa cikin natsuwa. Amma a taru a kansa mutum biyar ana ihu a kunnensa, ana turnuƙe shi da hayaƙi, ana dukansa wai ana dukan aljani, ko a ɗaure shi a turke, wallahi wannan zalunci ne. Wanda aka hana ka ce wa "tir" a Suratul Isra'i, ta yaya za ka sa masa mari?

Ka kiyayi duk haɗin da ba ka san abin da ke ciki ba, musamman wanda aka ce yana sa barci. Zaƙami ko lafiyayyen saurayi yana haukatarwa, balle tsoho. Abin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: ruwa isasshe ko da bai nema ba, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Miyar kuka, zogale, alayyafo da gwanda saboda taurin bayan gida. Kunun sha'ir, wato talbina, wadda ta zo a hadisin Nana A'isha a kan sanyaya zuciyar marar lafiya, abinci ne mai laushi ga wanda ba shi da haƙora, da ɗan zuma in ba shi da ciwon suga. Da man zaitun a shafa masa a ƙafa da hannu da yamma ana yi masa hira. Rabin amfanin a man yake, rabi a hannun ɗansa da ya ji a jikinsa. Sanamaki kuwa kada a mayar da shi na kullum, yana zuƙe ruwan jiki. In yana shaƙewa lokacin sha, a zaunar da shi sosai, a yi kunun da kauri, a gaya wa likita.

*Magungunan asibiti*

Suna da wurinsu, amma a ƙarshen layi suke. Irin su Valium, da Piriton, da Phenergan da ake karɓowa a kemis don tsoho ya yi barci, suna ƙara masa ruɗewa, su sa shi jiri. Ya tashi fitsari da dare ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, kuma tsofaffi da yawa daga wannan kwanciyar ba sa tashi.

Su kuma magungunan taɓin hankali irin su Largactil, Haldol da Risperdal, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi girma a kan sababbinsu a 2005, ta haɗa da tsofaffinsu a 2008, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. A Ingila, rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta cewa cikin mutum 180,000 da ake ba waɗannan magunguna a shekara, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800. Wannan fa a ƙasar da likita ne ke rubutawa yana bibiya. Ina ga wanda yaron kemis ya ƙirgo masa a leda?

Akwai wani nau'in gigin tsufa da ake kira na Lewi. Mai shi yana ganin mutane ko yara ko dabbobi ƙuru-ƙuru a ɗaki, tafiyarsa ta yi nauyi, jiki ya ƙage, yau garau gobe a ruɗe. Irin wannan in aka yi masa allurar Haldol yana iya sandarewa, har rai ya salwanta. Don haka duk wanda ka ga yana da waɗannan alamu, ka faɗa wa likita da bakinka kafin a rubuta komai. In abin da yake gani ba ya tsorata shi, ba dole ne a ba shi magani a kai ba.

Yaushe ne maganin ya zama dole? Idan an duba jiki, an gyara mu'amala, amma yana neman ji wa kansa ko wani rauni, ko tsoron abin da yake gani ya hana shi sakat. A nan likitan ƙwaƙwalwa zai fara da ɗan kaɗan, na 'yan makonni, ya sake dubawa, ya janye in an samu sauƙi. A Ingila izinin Risperdal a wannan lalura na mako shida ne. Kai ma ka tambaya: Likita, yaushe za mu dawo a duba ko za a rage? Akwai kuma magungunan mantuwar kanta, irin su Aricept, waɗanda ba sa warkarwa amma suna ɗan taimaka wa wasu. In kuma tsoho ya koma kuka, ya daina cin abinci, yana cewa gara ya mutu, a duba ciwon damuwa, shi ma yana da magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da asibitocin koyarwa, duk suna ganin irin waɗannan. Zuwa can ba ya nufin an ce Baba mahaukaci ne.

Mai jinya ita ma a duba ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma macen da ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba, dole muryarta ta yi kaushi, shi kuwa marar lafiya ya manta kalmomi amma yana gane kaushin murya, sai rikici ya ƙaru. A raba kwana tsakanin 'ya'ya, maza da mata. Wanda ke nesa ya aiko da kuɗin ɗaukar mai taimako.

Don fita da dare, a sa sakata a sama inda idonsa ba ya kaiwa, ko ƙararrawa a ƙofa, amma kada a kulle shi shi kaɗai a ɗaki, gobara ba ta sallama. A ɗinka masa lambar wayarka a cikin aljihun riga, a sanar da maƙwabta da masu shago da liman. A rufe rijiya, a kawar da wuƙa, ashana, kalanzir da fiya-fiya.

Ranar zuwa asibiti, ka zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na Bature da na gargajiya, har da wanda maƙwabciya ta kawo, ka tafi da su. Kafin ranar kuma ka samu ɗan littafi ka riƙa rubutawa na mako guda: ƙarfe nawa rikicin ya tashi, wa ke wurin, me ake yi, ya ci ko bai ci ba, yaushe rabonsa da bayan gida, me ya kwantar da shi. Wadda ke kwana da shi ita za ta shiga wurin likita, ba babban wa da ya zo jiya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.